Babi na Tara: Ka Ci Shari'a, Ina Kuɗin?

A cikin akwatin ƙarfen da kawuna yake adana takardun filayensa akwai wata takarda mai shafi goma sha ɗaya, da hatimin babbar kotun jiha a goshinta. Hukunci ne. Mai shari'a ya rubuta cewa kamfanin Kawu ya tabbatar da da'awarsa, don haka wata ma'aikata a wata jiha maƙwabciyarmu ta biya shi naira miliyan 20, cikon kuɗin azuzuwa da katangar makarantar da ya gina mata, tare da kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara daga ranar hukunci zuwa ranar biya. A 2024 aka karanta hukuncin. Ranar har dare mutane na shigowa zaure suna yi masa barka. Zuwa yau da nake wannan rubutu, ko kwabo bai shiga asusunsa ba.

Ni na riƙe masa littafin lissafi a wancan aikin, shi ya sa na san labarin ciki da bai. An gama ginin a ƙarshen 2019. Injiniyan ma'aikata ya zo ya auna, ya ƙwanƙwasa filasta, ya hau ya duba kwano, ya sa hannu a satifiket. Fayil ya tafi ofishin akanta, a can ya kwanta. Yau a ce ba a saki kason wata ba, gobe a ce babban sakatare ya yi tafiya, jibi a ce fayil yana teburin mai girma kwamishina. A nan gida kuwa mai rodi na Ƙofar Ruwa yana aiko yaronsa duk Juma'a, mai tifar yashi ya daina gaishe mu, birkiloli da leburori suna zuwa su zauna a ƙofar gida, ba su ce komai ba, zaman nasu kawai ya isa magana.

Da haƙuri ya ƙare muka je wurin lauya. Mutum ne mai gaskiya, ba zan ɗora masa laifin abin da ya biyo baya ba. Ya karanta takardun tsaf, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, gaskiya dai taka ce, takardunka ma sun cika. Tambaya ɗaya zan yi maka. Shekara nawa za ka iya yi ba tare da wannan kuɗi ba?"

Kawu ya ce, "Barista, ni yanzu ba kuɗin ne ya dame ni ba. Raini ne ba na so."

Lauya ya yi murmushi ya ce, "To, ranka ya daɗe, maganin raini akwai tsada."

Kusan duk ɗan kwangilar da na sani ya shiga kotu, da irin wannan zuciya ya shiga. Abin da yake tambayar kansa shi ne ko yana da gaskiya, kuma galibi yana da ita. Sai dai gaskiya kaɗai ba ta isa a yanke shawarar kai ƙara ba. Akwai aljihun wanda ake bi da kuma ko hannu zai iya kaiwa gare shi, akwai shekarun da za a ci a hanya, akwai abin da naira za ta zama kafin a kai ƙarshe, akwai kuma cinikin da za a rasa saboda an yi sammacin mai ba da aiki. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A harkar gini matsalar ta wuce nan, domin ko an san abin da za ta haifa, ba a san watan haihuwar ba.

Mun shigar da ƙara a farkon 2020. Ba a yi nisa ba korona ta rufe kotuna. Da aka buɗe, lauyoyin gwamnati suka kawo ƙorafin cewa kotun ba ta da hurumi, aka ci watanni ana musayar takardu a kan wannan kaɗai, ba a ko taɓa maganar azuzuwa ba. A watan Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta shiga yajin aiki a faɗin ƙasa, ƙofofin kotu suka zauna a garƙame sama da wata biyu. Ga hutun shekara da alƙalai ke tafiya da damina. A 2023 aka tura mai shari'armu kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, shari'armu ta jira shi. Nan ma mun yi sa'a da ya dawo, domin da an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ko ya yi ritaya, sai a mayar da ƙarar gaban wani alƙali a fara daga farko, shaidu su sake rantsuwa kamar ba a taɓa jin su ba. Na ƙirga a littafina, sau ashirin da uku muka yi sammako muka kama hanya zuwa wannan kotu. A fiye da rabin zuwan, abin da muka samo bai wuce sabuwar rana ba.

Duk da haka lauyoyi suna cewa tamu ta yi sauri. Suna da wata shari'a da suke ba ɗalibai misali da ita, ta Ariori da Elemo, rikicin fili a Legas. An shigar da ita a 1960, ta isa Kotun Ƙoli, a 1983 Kotun Ƙoli ta ce a koma a sake ta daga tushe.

Yanzu bari mu yi lissafin da ya kamata a ce mun yi a ofishin lauya ranar farko. Ɗan kwangila ba ya auna dukiyarsa da naira, da buhun siminti yake aunawa. A 2019 buhu yana wajen naira 2,500. Miliyan 20 ke nan buhu 8,000 ne, tirela goma sha uku da ɗoriya in an yi lodin ɗari shida-shida. A watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Mu ɗauki 8,000 ɗin. Miliyan 20 ta koma buhu 2,500, tirela huɗu da 'yan kai. Tirela tara sun salwanta a hanyar kotu, ba ɓarawon da ya tare su. In da dala ka fi gane wa, kuɗin da ya kai dala 55,000 lokacin da take naira 360 ya koma ƙasa da dala 14,000 da ta wuce 1,500. Kotu ba ta gyara wannan. Naira miliyan 20 ka nema, naira miliyan 20 za ta rubuta maka.

Wani zai ce ai ga kuɗin ruwa. Kashi 10 cikin 100 da kotunanmu suka saba bayarwa daga ranar hukunci yake fara aiki, shekarun da aka ci kafin hukunci kuwa sai in yarjejeniyarku ta tanadi ruwa, ko ka kawo hujjar da za ta gamsar da alƙali cewa ka cancance shi. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma banki ke ba da rance a wajen kashi 30, wanda ake bi bashi yana cin riba da kowace ɗagewar shari'a. Kuɗinka ne a hannunsa a farashin da babu bankin da zai ba shi. Me zai sa ya yi gaggawa?

Akwai kuma abin da littattafan lauyoyi ba sa kawowa, amma yana nan daram a kasuwanninmu. Da aka fassara wa Kawu hukuncin, aka zo kan kashi 10, sai ya ɗaga hannu. "Wannan a bar musu. Ban ci riba ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba." Lauya ne ya sa ta a takardar ƙara bisa al'adar aikinsa. 'Yan kwangila Musulmi da yawa haka suke, kuma wannan yana nufin ɗan abin da doka ta tanada don rage zafin jinkiri ma ba ya cikin lissafinsu. Mai irin wannan aƙida ya fi kowa buƙatar ya tsaya ya yi tunani kafin ya shiga doguwar shari'a, domin shi asarar lokaci gaba ɗayanta a wuyansa take.

Kuɗin lauya ba sai na daɗe a kai ba. Akwai na karɓar aiki, akwai na mai duk ranar zama, akwai na rajista da na kai sammaci, akwai na ɗauko shaida daga wani gari a kwanar da shi a ciyar da shi, sannan a ɗage. Abin da kotu ke yanka wa wanda ya ci shari'a a matsayin kuɗin ɗawainiya yawanci bai taka kara ya karya ba, ba ya ko kusantar abin da aka kashe. Wasu lauyoyi suna yarda a yi da su kan kaso daga abin da aka karɓo, kuma ina ganin ɗan kwangila ya fara gwada wannan tayin ko da ba shi zai bi ba. In lauya ya ji labarinka ya ce gaskiyarka a fili take, amma ya ƙi yarda a biya shi daga abin da za a karɓo, to ya gaya maka ra'ayinsa na gaskiya game da ranar biya.

Asarar da ta fi ci wa Kawu rai ba ta shiga littafina ba, don ba ta da rasit. Tun ranar da sammaci ya isa sakatariya, wayoyin da ake ɗauka a bugu ɗaya suka daina shiga. Ba wanda ya rubuta cewa an hana kamfaninsa aiki. Sunansa ne kawai ya daina fitowa. A ƙasar da gwamnati ce babbar mai ba da aikin gini, wanda ya kai ma'aikata kotu ya san ya yi faɗa da rijiyar da yake sha. Manyan kamfanoni masu katafila da gireda ɗari, irin mambobin ƙungiyar FOCI, suna bin gwamnatoci bashin da ya ninka namu sau dubbai, amma da wuya ka ji sun yi sammaci. Sukan janye ma'aikata daga wurin aiki, su bar hanya a kankare ba kwalta, jama'a su yi ta kuka har a kira su teburi. Ƙaramin ɗan kwangila ba shi da wannan sanda. Shi ya riga ya miƙa makulli.

To, ka ci shari'a. Yaya ake mayar da takarda kuɗi? In ɗan kasuwa ne ko kamfani mai zaman kansa, hanya a buɗe take. Ma'aikatan kotu za su iya zuwa su yi wa motoci da kayan ofis lamba a yi gwanjonsu, ko kotu ta umarci bankinsa ya fito da abin da ke asusunsa ya ba ka. In gwamnati ce, sai ka ci karo da sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, tsohuwar doka da muka gada tun zamanin Turawa. Sashen ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i ba a taɓa shi sai da amincewar Antoni Janar. Wato ka je wurin shugaban lauyoyin da suka shekara huɗu suna yaƙar ka, ka roƙe shi izinin kwashe kuɗin gwamnatin da ta naɗa shi. Tun da aka tattara kuɗin gwamnatin tarayya a asusun bai-ɗaya na TSA a Babban Banki a 2015, rigimar ta koma kan ko shi Babban Bankin jami'in gwamnati ne. A shari'arsa da kamfanin Interstella a 2017, Kotun Ƙoli ta ce a wannan yanayi matsayin banki da mai ajiya ne tsakaninsa da gwamnati, ta bari a biya. Amma lauyoyin gwamnati ba su daina ɗaga wannan sashe ba, kuma kowace ɗagawa sabuwar shari'a ce a cikin shari'a. A tamu ma ba a kai nan ba. Kafin wa'adi ya cika suka ɗaukaka ƙara, suka nemi a dakatar da aiwatar da hukunci. Can muke har yanzu.

Wani abin takaicin shi ne yawan ƙararrakin da ke mutuwa a bakin ƙofa. Mutum yana ganin tunda hukumar tarayya ce ta ba shi aiki, Babbar Kotun Tarayya zai nufa. Wani mai suna Onuorah ya yi haka da matatar mai ta Kaduna a kan cinikin gwangwanaye da ya biya kuɗinsu aka ƙara farashi kafin a ba shi kaya. Sai da ya kai Kotun Ƙoli, a 2005, aka tabbatar masa cewa rikicin yarjejeniyar ciniki zalla na babbar kotun jiha ne, ya shiga ɗakin da ba nasa ba. Hukumomi da yawa kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a kai su ƙara. In lauyanka ya tsallake wannan, za a kori ƙarar ko da gaskiyarka ta kai hasken rana. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, wadda ake yawan tsorata 'yan kwangila da ita. Wannan kam kada ta firgita kowa. Tun 1974, a shari'ar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da kamfanin gine-ginen Italiya na Cogefar, Kotun Ƙoli ta nuna cewa irin wannan gajeren wa'adi bai shafi bashin kwangila ba.

Mai karatu zai zaci ina cewa a haƙura a bar wa Allah. Ba haka nake nufi ba, domin haƙurin ma yana da ranar mutuwa. Doka ta yanka wa'adin da za a iya kai ƙarar bashin yarjejeniya, shekara shida a Legas da Abuja, shekara biyar a jihohi da dama. Ranar da wa'adin ya cika, bashin yana nan amma kotu ba za ta saurare ka ba. Zaryar da kake yi a sakatariya, da "Alhaji ka ƙara haƙuri, kana cikin jerin farko", da shayin da ake ba ka a ofishin darakta, duk ba sa tsayar da wannan agogo. Abin da ke sabunta shi shi ne wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki. Na san dattawa da suka riƙe "mai haƙuri yakan dafa dutse" har gwamnati biyu suka shuɗe, ranar da suka je wurin lauya ya ƙirga shekaru da yatsu ya ba su haƙuri na ƙarshe. Saboda haka ko ba ka da niyyar shari'a, ka riƙa rubuta wasiƙar tuni, a buga mata hatimin karɓa, ka kuma yi dabarar da za a ba ka amsa a takarda. Ita ce ke riƙe maka ƙofar kotu a buɗe, kuma wanda ake bi ya san da haka.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya da satifiket jinkiri ne, kuma yana jawo ruwa gwargwadon abin da yarjejeniya ta tanada. A takarda ke nan. A aikace, sai da gwamnatin tarayya ta koma ba wasu masu bin ta tsofaffin basussuka takardun alkawarin biya ta hannun ofishin kula da basussuka na DMO, mai gaggawa ya kai banki ya sayar a karye. A 2025 kuma an ga 'yan kwangilar cikin gida sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja da kwalaye. Mutanen da ke da satifiket a hannu, ga kotuna a buɗe, suka zaɓi zaman rana a bakin geti. Sun yi nasu lissafin.

Inda shari'a ke biyan kuɗin sabulu shi ne inda abu uku suka haɗu: bashin ƙayyadadde ne ba a jayayya a kan adadinsa, akwai sa hannun wanda ake bi, kuma yana da dukiyar da hannun kotu zai kai gare ta. A irin wannan akwai gajeriyar hanya a manyan kotuna, inda za ka rantse a takarda cewa ba shi da wata kariya, in ya kasa nuna akasin haka a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Ga kuma kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019. Da aka buɗe su iyakarsu naira miliyan 5 ce, an tsara a gama cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Mai aikin tayil ko mai walda da wani mai gida ya riƙe wa cikon kuɗi, nan ne wurinsa. Sau da yawa ma sammacin kaɗai ke aiki. Mai gidan da ya shekara yana cewa "gobe" yakan nemo kuɗi a mako guda ranar da ma'aikacin kotu ya yi sallama a shagonsa gaban maƙwabta.

Matsalar ita ce yawancin rigingimun gini ba su da wannan tsabta. Ka ɗauki ginin gidan ɗan kasuwa. An yi ciniki da baki a kan ɗaki huɗu da falo. Ana kai linta Hajiya ta zo ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, a rushe a faɗaɗa. Ana zuba dakin Alhaji ya dawo daga Umara da hoto a waya, ya ce irin wannan matattakalar yake so. Ka ce, "Alhaji, wannan fa ƙarin kuɗi ne." Ya ce, "Haba, Injiniya, tsakanina da kai? Yi kawai, za mu daidaita." Kunya ta hana ka ce a rubuta. Ranar daidaitawa sai ya tuna farashin farko kaɗai. In ka kai shi kotu, ba zai zo hannu rabbana ba. Zai ɗauko nasa injiniyan ya zagaya gidan da biro, ya rubuta duk tsagewar filasta da duk inda ruwa ke kwanciya, ya shigar da tasa ƙarar a kan taka, ya nemi diyyar jinkiri. Babu ginin da ba a samun abin faɗa a jikinsa. Ka shiga kana bin miliyan uku, ka wayi gari ana bin ka biyar, garin neman gira a rasa ido. A kotun shari'ar Musulunci ma, inda ƙa'ida ta ɗora wa mai da'awa kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa, in ba ka da shaidu magana na iya ƙarewa a kan Alhaji ya rantse ya tafi. Abin da ke ceton mutane yanzu shi ne waya. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da saƙon WhatsApp da makamantansa in an cika sharuɗɗanta, kuma abin dariya, lambar sashen ita ma 84 ce. Wanda kunya ta hana shi miƙa wa Alhaji takarda, ba abin da zai hana shi tura saƙo da yamma: "Ranka ya daɗe, faɗaɗa kicin da aka ce a yi zai ci kaza." In ya amsa da "To, ba damuwa", ka samu abin riƙewa.

Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne mai sayen kwangila. Kowa ya san yadda ake yi: an ba wani ɗan siyasa takardar aiki, ba shi da ko shebur, ya sayar wa mai iya yi a kan kaso. Kai ka zuba jarinka, amma sunan da ke takarda na kamfaninsa ne, asusun da za a biya nasa ne. A idon doka ma'aikata ba ta san ka ba, ba ka da yarjejeniya da ita. Wanda za ka iya kai ƙara shi ne mai takardar, shi kuwa kamfaninsa jaka ce da hatimi.

Wasu in sun ga kotu za ta ja lokaci sai su nufi ofishin 'yan sanda ko EFCC, a kamo mutum a tsare har ya biya. Masu gida ma suna yi wa 'yan kwangila haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kotuna kuma sun sha nanata cewa jami'an tsaro ba 'yan karɓar bashi ba ne. Wanda aka tsare yana iya juyowa ya kai ka ƙarar tauye haƙƙi, a ci ka tara, bashinka kuma yana nan inda yake.

Tsakanin kotu da haƙuri akwai fili mai faɗi. Kafin ka yi tunanin sammaci, buɗe yarjejeniyarka ka duba ko akwai sharaɗin kai saɓani gaban mai sasanci, domin in akwai, kotu za ta dakatar da ƙararka ta tura ka can. Dokar sasanci da sulhu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta kawo sauƙi: in ba ku faɗi adadi ba mai sasanci ɗaya ne maimakon uku, kuma an halatta wani ya ɗauki nauyin kuɗin shari'arka a kan kaso. Amfanin wannan hanya shi ne kuna iya zaɓar injiniya ko mai ƙiyasin kuɗin gini wanda ya san bambancin rodi mai milimita 12 da mai 16 ba sai an yi masa darasi ba. Aibinta kuwa ku za ku biya shi, ku biya ɗakin zama, kuma wanda ya sha kaye yakan garzaya kotu neman a soke hukuncin. Ko shahararren hukuncin dala biliyan 6.6 da kamfanin P&ID ya samu a kan Najeriya a 2017, wanda ruwa ya kai shi sama da biliyan 11, wata kotun Landan ta rushe shi a Oktobar 2023 bayan ta gano an same shi ta hanyar zamba. A bashin miliyan 20, kuɗin sasanci na iya cinye rabin abin da ake faɗa a kai.

Ingila ta gane wannan ciwo na jinkirin biyan 'yan kwangila tun tuni. Bayan rahoton Latham na 1994 a kan harkar gini, ta yi doka a 1996 da ta ba masu kwangilar gini damar kai rigimar biya gaban masani guda, ya yanke cikin kwana 28, a biya nan take, mai ƙorafi ya je kotu daga baya in yana so. Malesiya ta yi irin tata a 2012. Hikimar ita ce gini da kuɗin hannu yake tafiya, in ya tsaya wata uku leburori sun watse. Da za a tambaye ni doka ɗaya da 'yan kwangilar Najeriya ya kamata su matsa wa majalisa a kanta, ita zan nuna.

Abin da muke da shi a kusa shi ne zaurukan sulhu na kotu, waɗanda Legas ta fara a 2002, Abuja ta bi a 2003, Kano a 2009. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma abin da aka amince a kai in alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. Ga kuma namu na gado: shugaban kasuwa, limamin unguwa, uban gidan da ku biyun kuke jin kunyarsa. A rigimar ɗan kwangila da ɗan kasuwa, na ga zama ɗaya bayan sallar isha'i ya warware abin da lauyoyi suka shekara suna rubutu a kai, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron a ce ba ya biyan bashi a layinsu fiye da tsoron alƙali.

A nan ne zan faɗi abin da ya rage tsakanina da Kawu. Wata shida da shigar da ƙara, lauyan ma'aikata ya ja namu gefe a harabar kotu. Ya ce in Alhaji zai janye, za a iya ba shi miliyan 15 a biya biyu, a rufe fayil. Ba cin hanci yake nema ba, wannan daban ne da masu cewa a bar wa ofis kasonsa, rangwame ne a fili da za a rubuta. A lokacin buhu bai wuce naira 3,000 ba, wato buhu 5,000 ke nan, ninki biyu na abin da hukuncin 2024 yake saya. Na ce, "Kawu, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mu karɓa." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen da suka sa hannu a kan ashirin suka ƙi biya, su ne za su cika alkawarin sha biyar da baki? In na janye suka ba ni rabin farko suka yi shiru fa?" Ban da amsa a ranar. Daga baya na gane akwai ta: ba janyewa ake yi ba, rubuta sulhun ake yi a miƙa wa alƙali ya mayar da shi hukuncin amincewa, da sharaɗin in an saɓa biya na biyu bashin ya koma cikakkensa. Ko hakan zai sa su biya, Allah masani. Amma ba mu ko gwada ba, domin a lokacin maganar ta riga ta tashi daga kuɗi ta koma ta raini.

Mai rodi an biya shi da kuɗin wani fili da Kawu ya sayar. Azuzuwan suna nan, yara sun cika su, fentin ya koɗe, iska ta ɗage kwano biyu a kusurwar gabas. Watan jiya lauya ya aiko cewa ana buƙatar kuɗin haɗa takardun ɗaukaka ƙara. A makon ne kuma na ga tallar ma'aikatar a jarida tana neman 'yan kwangilar gyaran makarantu, har da tamu a jerin. Na kai wa Kawu jaridar don ya yi dariya. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗan nan, duba mana, yaushe ne za a rufe karɓar takardu?"